Warware Matsala a Sabuwar Manhaja: Me Ake Nufi, Me Kuma Ajin Firamare a Bauchi Zai Iya Ɗauka?

A ƙarshen watan Agustan 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar firamare da sakandare, wadda hukumar tsara manhajoji ta NERDC ta shirya. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne rage yawan darussa: 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare za su riƙa ɗaukar darasi 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare kuma 8 zuwa 9. An dawo da Tarihin Najeriya, an shigar da ilimin kwamfuta tun daga firamare, an kuma ware sana'o'i shida da ɗalibin sakandare zai zaɓi ɗaya, irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Hujjar da aka bayar ita ce an yi wa yara lodi, suna ta haddace abin da ba sa iya aiki da shi, alhali abin da ake so shi ne yaro ya iya tunani, ya iya warware matsala.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta bar iyaye da malamai da yawa a duhu. Babu darasi mai suna "warware matsala" a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta. Ba a sayar da littafinsa, ba a kuma ɗauki malaminsa ba. Kafin ƙurar ta lafa, a watan Nuwamba, sai ga Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa, ya ce Turanci ne harshen aji tun daga farko. Mahaifin da ke unguwar Yalwa ko Fadamar Mada a Bauchi yana da ikon tambaya: me aka ce a koya wa ɗana, da wane harshe, ta yaya kuma zan gane ya koya?

Me ake kira matsala?

A bakin masana koyarwa, ba kowace tambaya ce matsala ba. Idan malam ya yi misali uku a allo, sannan ya ba da guda goma masu kama da su, abin da yara ke yi maimaici ne. Yana da amfani, kamar yadda ɗan koyon ɗinki ke taka keke a kan tsumma har ƙafarsa ta saba. Matsala kuwa ita ce yaro ya san inda yake son kaiwa amma ba a shata masa hanya ba, sai ya haɗa abin da ya sani ya nemo ta. Saboda haka tambaya ɗaya tana iya zama matsala ga ɗan aji biyu, ta zama maimaici ga ɗan aji biyar.

Hausa tana da kalmomi da suka rarrabe abin fiye da yadda takardun ma'aikata suka yi. Hazaƙa saurin ɗauka ce, ana ganinta kamar baiwa. Wayo yana da ɗan warin Gizo a jikinsa, wato iya fitar da kai ko da an cuci wani. Dabara ita ce ta fi kusa da abin da ake nufi: guga ya faɗa rijiya, babu ƙugiya a gidan, yaro ya lanƙwasa waya ya ɗaura a igiya. Bambancin da ke da muhimmanci shi ne dabara ana koyonta. Wanda ya ga an yi, ya gwada, ya kasa, ya sake, gobe zai fi yau.

Abin kuma bai tsaya ga lissafi ba. Yara biyu suna rigima kan rake ɗaya, uwa ta ce ɗaya ya raba, ɗayan ya fara zaɓa. Wanda ya raba zai yi adalci ko ba ya so. Wannan ma warware matsala ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun a shekarun 1990 ta sa ta cikin dabarun rayuwa da ya kamata makaranta ta koyar. Sai dai a lissafi ne aka fi nazarin abin, a can ne kuma raunin ya fi fitowa fili.

Yarinyar awara da lambar 1350

A ɗauki yarinya 'yar shekara tara mai tallan awara a bakin kasuwar Wunti bayan an tashi daga makaranta. Awara ɗaya naira 50. Mutum ya ɗauki bakwai, ya miƙa mata naira 1,000. Ba ta neman biro. Ta san kuɗinta 350, sai ta fara cikawa tana zaro kuɗi daga gefen zani: hamsin, ɗari huɗu ke nan, ɗari, ɗari biyar, ga ɗari biyar, dubu. Canjinsa 650. In ba ta da hamsin, nan take za ta ce, "Baba, ɗauki ɗaya ka cika ɗari huɗu." Ta sauya matsalar zuwa wadda take iya warwarewa, ta kuma ƙara ciniki.

Da safe a aji malam ya rubuta 1000, ya sa 350 a ƙarƙashi, ya ja layi. Akwai kuskuren da duk malamin firamare ya sani: yaro ya bi layi-layi yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama. Sifili da sifili, sifili. Biyar da sifili, biyar. Uku da sifili, uku. Ɗaya ya sauko. Amsa: 1350. Yarinyar da za ta yi wa mutum dariya in ya nemi canjin da ya fi kuɗin da ya bayar, ita ce za ta rubuta wannan ta miƙa littafi hankalinta kwance. Ba ta duba ko amsar ta yi ma'ana ba, domin ba ta taɓa ɗauka cewa lissafin allo yana da wata alaƙa da ma'ana ba.

Wannan ba ciwon Bauchi kaɗai ba ne. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na Brazil sun jarraba yara biyar masu sayar da kaya a titi. A wurin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya da lambobi zalla a takarda, sai suka faɗo zuwa kashi 37. Yara biyar sun yi kaɗan a kafa hujja da su, amma a 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da ya haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu lambar Nobel ta tattalin arziki, kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Sakamakon bai sauya ba: gwanaye a kasuwa, raunana a takarda. Ƙarin da aka samu ya fi tayar da hankali. 'Yan makarantar da ba sa zuwa kasuwa sun fi iya lissafin takarda, amma kashi 1 cikin 100 kacal suka iya warware wata tambayar ciniki da sama da kashi ɗaya bisa uku na yaran kasuwa suka warware. Ilimi biyu ne ke zaune a gari ɗaya ba sa gaisawa.

Tun kafin nan, wajen 1980, malaman lissafi a Grenoble ta Faransa sun yi wa yaran firamare wata tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu sun ba da amsa, akasari 36. Makaranta ta koya musu cewa duk tambaya tana da amsa, amsar kuma tana cikin lambobin da aka bayar. Duk mai so yana iya gwada wannan a gida da daddare, ya mai da jirgin motar Azare.

Yadda aka zo nan

Kukan cewa makarantar boko tana fitar da masu hadda ba sabo ba ne. Shi aka yi a taron manhaja na ƙasa a Legas a 1969, shi ya haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a), wanda aka ce zai sa ɗalibi ya fita da sana'a a hannu. An shigo da injinan koyon sana'a, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malami. An sake manhajar shekara tara ta ilimin tushe a 2008, aka gyara ta a 2012 aka rage darussa. Kowane zagaye da irin wannan alƙawari ya zo.

Dalilin da ya sa ajin bai sauya ba yana da alaƙa da yawa. Shirin UPE na 1976, na firamare kyauta ga kowa, ya cika makarantu da yara kafin a samar da isassun malamai, shirin UBE na ilimin tushe ga kowa na 1999 da dokarsa ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A manyan makarantun gwamnati na cikin Bauchi ko Gombe ba abin mamaki ba ne a tarar da 80 ko 100 a aji ɗaya, wasu a ƙasa. In darasi minti 35 ne, yara kuma 100, kowane yaro yana da daƙiƙa 21 ta malam. A irin wannan aji hanya ɗaya ce ke tafiya: malam ya biya, yara su amsa baki ɗaya, a kwafi abin da ke allo. Malamin da ya yi haka ba lalaci ne ya sa shi ba, lissafin ajin ne ya tilasta masa.

Akwai kuma batun tushe. Binciken gida-gida na MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna kimanin kashi 27 cikin 100 ne na yara masu shekara 7 zuwa 14 a Najeriya ke da ƙwarewar karatu ta farko, kimanin kashi 25 kuma ta lissafi, Arewa maso Gabas tana ƙasa da wannan matsakaicin. Bauchi ta daɗe da sanin haka. Tun 2009 shirin NEI na inganta ilimi a Arewa, na hukumar agajin Amurka ta USAID, ya fara aiki a Bauchi da Sakkwato, gwaje-gwajen karatu da aka yi a lokacin suka nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Daga nan ne littattafan Mu Karanta suka fito a zagaye na biyu na shirin. Ita kanta USAID an rufe ta a 2025.

Matakai huɗu, da akuyar da ake komowa da ita

Tsarin da aka fi amfani da shi a duniya wajen koyar da wannan abu na wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Hungary, George Pólya, wanda ya wallafa shi a 1945. Ya ce a fara fahimtar tambayar, a tsara yadda za a ɓullo mata, a aiwatar, sannan a waiwaya a duba ko abin da aka samu ya zauna. Ƙasar Singafo ta ɗora manhajar lissafinta kan warware matsala tun 1990, inda yaro ke farawa da abin da zai taɓa da hannu, ya koma zane, sannan lambobi. Ita ta zo kan gaba a gwajin ɗalibai na ƙasa da ƙasa mai suna PISA na 2012 kan wannan fanni.

Matakan ba baƙi ba ne ga wanda ya tashi a zaure. Mutum ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuma ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Yaron da aka yi wa wannan wasa ƙwaƙwalwa yakan yi saurin cewa a fara ƙetarar da kura. Babban da ya iya wasan ba ya cewa "ba haka ba ne". Sai ya ce, "To, ka tafi da kura. Wa ka bari da wa?" Yaro ya yi shiru, ya ga akuya ta cinye harawa. Nan ya fahimci tambayar. Sai ya ɗauko duwatsu uku ya ja layi a ƙasa, wannan shi ne tsari. Ya kai akuya, ya dawo, ya kai kura, sai ya tsaya cak, domin in ya bar su tare an gama. A nan yawancin yara ke maƙalewa, kuma a nan darasin yake: sai ya yarda ya komo da akuyar da ya riga ya ƙetarar. Ƙetarawa bakwai ake yi kafin kowa ya haye lafiya, a ɗaya daga ciki kuma da akuya ake komowa.

Abin lura shi ne aikin babban. Bai ba da amsa ba, bai kuma tashi ya bar yaron ba. Tambaya yake jefawa a daidai inda yaro ya tsaya. Masana suna kwatanta wannan da katakon da magina ke kafawa a jikin gini, a cire shi in bango ya tsaya. Mataki na huɗu, waiwaye, shi ne wanda makaranta ta fi yarwa, shi ne kuma zai ceci yarinyar awara. Tambaya ɗaya ta isa: "Wannan canjin, za ki ba mutum shi?"

Dara, carafke, kacici-kacici, motar kara da yara ke ƙerawa har da sitiyari, duk suna da wannan siffa ta gwadawa da gyarawa. Ba sa maye gurbin darasi. Amfaninsu shi ne suna nuna cewa yaron da ake kira daƙiƙi a aji ya riga ya san yadda ake yi, a wani wuri.

Hadda: masu suka da masu karewa

Ɓangare na farko yana ganin hadda ita ce cutar. A wurinsu a rage bayanin malam, a raba yara rukuni-rukuni, a ba su aiki su gano da kansu. Wannan ra'ayi ne ya mamaye tarukan horar da malamai da ƙungiyoyin agaji ke shiryawa, ya kuma samo asali daga masana irin su John Dewey na Amurka. Hujjarsu ita ce abin da yaro ya gano da kansa ya fi zama, kuma 1350 'yar hadda ce ta cikinta.

Ɓangare na biyu yana da hujja mai nauyi da ba a cika jin ta a tarukan ba. John Sweller na Ostareliya ya nuna tun 1988 cewa ƙwaƙwalwa abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda yayin da take aiki. Yaron da bai haddace bakwai sau takwas ba zai ƙarar da ƙarfinsa wajen ƙirga yatsu, babu sauran da zai yi tunanin matsalar da shi. A 2006 shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa maƙala suna cewa barin mai koyo na farko ya lalubo hanya da kansa ba ya aiki, an fi samun nasara in aka fara nuna masa misalan da aka warware dalla-dalla. A ganinsu babu wata dabarar tunani da ke yawo ita kaɗai. Makanike yana gano ciwon inji ne saboda ya san injin, in ka kai shi gona sai ya tambayi manomi.

Masu wannan ra'ayi a nan gida suna da misali a hannu. Alaramma ba ya tsayawa ga tilawa. Yana da harji, wato lissafin sau nawa kalma ta zo a Alƙur'ani da inda ta zo, don kada ayoyi masu kama su rikita shi. Malamin zaure da ke raba gado yana aiki da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, kowace mas'ala kuma da nata magada. Wannan warware matsala ce ta gaske, an kuma gina ta a kan hadda. Masu suka za su amsa cewa almajirai nawa ne ke kaiwa wannan mataki, kuma yawancin haddar boko ko ma'anar ba a kai ga ba, balle mas'ala.

Akwai matsaya ta uku. Manu Kapur, wanda ya yi bincike a makarantun Singafo, ya nuna cewa in aka bar ɗalibai suka ɗan yi fama da tambaya suka kasa, sannan malam ya zo ya yi bayani, fahimtarsu takan fi zurfi. Sharaɗin shi ne ɗaliban suna da ɗan tushe, bayanin malam kuma yana zuwa. In aka auna ɓangarorin uku, saɓanin ya fi karkata ga tsari da lokaci: yaushe za a nuna, yaushe za a saki. Babu mai cewa yaron da bai iya karanta tambaya ba zai warware ta. Shi ya sa tsarin TaRL, na koyar da yaro daidai matakinsa, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, wanda aka gwada a Borno da wasu jihohin Arewa, yake raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajinsu, yana koyar da goma-goma da ƙullin tsinke. Ga ajin da rabin yaransa ba su san haruffa ba, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a farkon tafiya.

Yaro mai yawan tambaya

Wani ɓangaren muhawarar ba a takarda yake ba, a tsakar gida yake. Iyaye da yawa suna jin "a bar yaro ya yi tunani da kansa" sai su ji "a bar yaro ya yi fitsara". Tsoron yana da tushe. Al'ummar da ke cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, tana kare wani abu da ta ga amfaninsa: ladabi, kunya, sauraro. Ita ce kuma ke cewa matambayi ba ya ɓata. Karin maganar biyu suna zaune lafiya domin ɗaya tana magana kan yadda ake tambaya, ɗayar kan ko a yi ta.

Inda abin ke cin karo da koyo shi ne wajen kuskure. Yaron da ya san amsar da ba daidai ba tana jawo bulala ko dariyar aji zai zaɓi ɗaya cikin biyu: shiru ko leƙen littafin maƙwabci. Ba zai komo da akuya ba, domin komowa amincewa ce cewa ya yi kuskure. Satar amsa da ake kuka da ita a jarrabawar sakandare tana da saiwa a nan.

Ga Bauchi musamman akwai ɗan tarihi. A farkon shekarun 1940 malaman makarantar Midil, Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da Sa'adu Zungur, suna cikin zauren tattaunawar da aka kafa a garin, wanda bai daɗe ba saboda tambayoyin sun kai inda hukuma ba ta so. Yau sunan biyu daga cikinsu ne a kan jami'o'in jihar.

Da wane harshe ake tunani?

Shekaru da yawa manufar ilimi ta tanadi a koyar da harshen uwa ko na yankin a shekara uku na farko. A ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin minista Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, aka tsawaita zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 aka soke. Hujjar ma'aikata ita ce yankunan da suka fi rungumar harshen uwa su suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB, waɗanda duk da Turanci ake yin su. Masana harshe sun mayar da martani cewa tsarin 2022 bai kai ga aiwatuwa sosai ba, balle a ɗora masa laifin faɗuwar waɗanda suka gama firamare kafin a yi shi, suna kuma kafa hujja da gwajin Ife na Farfesa Babs Fafunwa da aka fara a 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba.

Masu goyon bayan Turanci suna da wata hujjar da ta shafi wannan yanki kai tsaye. A Tafawa Ɓalewa da Bogoro akwai Zaar, a Dass akwai Jarawa, a kudancin Gombe akwai Tangale da Waja da Tula, ga Fulfulde da Tera da Bolanci. "Harshen yanki" a aikace yakan zama Hausa, kuma ba kowa ne ke maraba da hakan ba.

Ta fuskar warware matsala dai, matakin farko shi ne fahimtar tambaya. Yaron ƙauyen Ningi ko Dukku da bai taɓa jin Turanci a gida ba, in aka ba shi tambayar lissafi da Turanci, abin da zai yi shi ne farautar kalma: in ya ga wadda aka ce tana nufin tarawa ya tara, in ya ga ta ɗebewa ya ɗebe. Hanyar shekarun matuƙin jirgi ke nan. Abin da ya fi yiwuwa shi ne malamai su ci gaba da abin da suka saba, a rubuta da Turanci a allo, a yi bayani da Hausa, sai dai yanzu ba tare da littafi ko horon da ya amince da hakan ba.

Abin da zai shafi mutane

Ilimin firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi yake. Abuja ce ke rubuta manhaja, amma hukumar ilimin tushe ta jiha, SUBEB, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 20 na Bauchi da 11 na Gombe su ke da malamai da azuzuwa, kuɗin hukumar ilimin tushe ta tarayya, UBEC, ma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Saboda haka saurin sauyin zai bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga makaranta zuwa makaranta.

Iyayen da 'ya'yansu ke makarantun kuɗi su za su fara ji a aljihu. Sabuwar manhaja tana nufin sabbin littattafai, na yaya ba lallai ya yi wa ƙane ba. Za a kuma ga ƙarin kuɗi da sunan darasin kwamfuta ko na kaifafa tunani. Hanyar tantancewa ba ta buƙatar boko mai zurfi. A buɗe littafin aikin yaro: in duk shafukan kwafi ne mai tsabta, babu zane, babu inda aka soke aka sake, to maimaici ake yi ko da me aka kira shi. A tambaye shi, "Yaya aka yi ka samu wannan?" In amsar ita ce "haka Anti ta ce", an san inda aka tsaya.

Ga malamai, nauyin ya ƙaru kafin kayan aiki su iso. Wanda aka horar da shi da kwafar allo a kwalejin ilimi ba zai koyar da wata hanya ba saboda taron kwana uku. Wannan ya mai da kwalejojin Azare, Kangere, Jama'are, Billiri da ta fasaha ta tarayya da ke Gombe wuraren da ya kamata a sa wa ido fiye da ofisoshin Abuja. Rage darussa zai iya ba malami sarari, in har an rage abin da ke cikin kowane darasi, ba haɗe biyu aka yi a ƙarƙashin suna ɗaya ba.

Haɗarin da ya fi girma shi ne tazara ta ƙaru. Ɗan ma'aikaci a GRA yana da littafi, yana da wanda zai tambaya da daddare, yana jin Turanci. Yarinyar awara tana da dabarar da shi ba shi da ita, amma babu jarrabawar da ke auna ta, kuma in malam bai taɓa shigo da cinikinta cikin darasi ba, za ta gama aji shida tana ɗaukar kanta marar ƙoƙari a lissafi.

Sai jarrabawa. Malami yana koyar da abin da za a tambaya, hedimasta ana auna shi da yawan waɗanda suka ci, mai makarantar kuɗi kuma da sakamakon yake talla. Muddin takardar tana neman a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu kan abin da aka haddace, ba za a ɓata minti goma ana jiran yaro ya komo da akuya ba. An tsara a fara aiki da sabuwar manhajar daga aji ɗaya da aji huɗu na firamare, da ajin farko na ƙaramar sakandare da na babba. Ke nan waɗanda suka shiga ƙaramar sakandare a zangon 2025/2026 su ne za su zauna jarrabawar kammala ta, wato BECE, a 2028, waɗanda suka shiga aji ɗaya na firamare kuma sai 2031 za su gama aji shida.